Tukwanen da Aka Hana Ƙwanƙwasawa

Ga wata hikaya nan. Mai son ji ya matso, mai sauri ya kama hanyarsa, ba a riƙe kowa ba.

A garin Tudun Aduwa an yi wani shugaban ƙaramar hukuma mai suna Alhaji Mamuda, amma kowa Ciyaman yake ce masa. Ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya. Yana da kyauta, yana zuwa jana'iza, ba ya wuce tsoho bai gaishe shi ba. Abu guda ne ba ya iya haɗiyewa, shi ne a yi masa dariya a gaban mutane.

To, mutanen garin suna da wani zaure a cikin waya, sun sa masa suna Majalisar Aduwa. Kowa na ciki, 'yan kasuwa da malamai da 'yan acaɓa, har da 'yan garin da neman abinci ya kai su Fatakwal da Legas. A nan ake musun ƙwallo, a yi kukan tsadar taki, a zagi jam'iyyar juna, da safe kuma a gaisa kamar ba a yi ba.

A shekarar nan aljihun ƙananan hukumomi ya bushe, sai gwamnatin jiha ta aiko musu da tallafin ceto. Ciyaman ya yanke cewa kaso mafi tsoka na ƙungiyar ƙwallon garin ne, Zaratan Aduwa, wadda motarta ta mutu, 'yan wasanta suka fara watsewa. Za a farfaɗo da ita, a kuma gina wa 'yan kallo wurin zama mai inuwa.

Labari na shiga Majalisa sai wuri ya kaure. Wani tela ya rubuta, "Ceto? Ƙungiyar da rabonta da cin kofi tun ban yi aure ba? Wannan ai likkafani ne mai tsada."

Wani ɗan acaɓa ya ce masa, "Kai tela, je ka gama ɗinkin Sallar bara tukuna, sannan ka zo ka yi maganar ƙwallo."

Na Fatakwal ya ce, "Ku kuka zaɓe su, ku sha." Aka ce masa, "Taku jam'iyyar da ta yi shekara takwas me ta gina? Ko masai!" Haka dai ake ta yi, wasa da dariya.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga Malam Haladu, hedimastan firamaren garin, mutumin da a da ko a gaisuwa ba ya sa baki. Hoto ya turo: 'yan aji huɗu zaune a ƙasa, kwanon rufi ya yaye, sama a buɗe. Ya bi shi da saƙon murya, a hankali, ba ihu.

"Jama'a, ni ba na gaba da ƙwallo. Roƙona dai, in an gama yi wa 'yan kallo inuwa, kwano ya yi saura, a tuna da mu. Mu ma muna da 'yan kallo. Kullum yaranmu sama suke kallo."

Kafin la'asar wani ɗan iska ya haɗa hoton Ciyaman riƙe da laima yana yi wa ƙwallo inuwa. Hoton ya zaga gari. Har matar Ciyaman ta gani, ta juya baya tana ƙunshe dariya, shi kuwa ya gan ta.

Ran Litinin da hantsi Ciyaman na zaune a ofis, idonsa ja. A gefensa Ɗanliti ke tsaye, mutumin da ya ɗauka don ya riƙa kare shi a waya, mai wayoyi uku da baki ɗaya da ba ya gajiya. A kan tebur ga takardar korar Malam Haladu, an buga, hannu kawai take jira. Direba na waje ya kunna mota, ƙarfe sha biyu zai tashi da ita zuwa babban birni. Wata takwas ya rage wa Malam Haladu ya yi ritaya. In takardar nan ta tafi, aikin shekara talatin da huɗu ya tafi, fansho ya tafi.

Ɗanliti ya ce, "Yallaɓai, hoton nan tsoho ne. Rufin nan bara aka gyara shi, kai ka sa hannu, ga hotunan da ɗan kwangila ya kawo. Haladu ɗan adawa ne, turo shi aka yi. In ba ka yi maganinsa ba, gobe masinja ma zai yi maka waƙa."

Ciyaman ya riga ya aika a kira Baba Anaruwa, Sarkin Kasuwa. Shi dattawa suka danƙa wa riƙon Majalisar, don ba ya jam'iyyar kowa. Bai iya karatu ba, saƙon murya kawai yake ji, amma shi ke da ikon shigarwa da fitarwa. Tsohon ya shigo da sandarsa, ya gaida Ciyaman, ya zauna a bakin kujera.

Ciyaman ya ce, "Baba, ba zan ɓata maka lokaci ba. Abu biyu nake so. Ka fitar da Haladu daga Majalisa yanzu, a gabana. Sannan ka kulle ta, kada kowa ya ƙara rubuta komai sai kai da Ɗanliti."

Baba Anaruwa ya dubi takardar da ke kan tebur, ya dubi biron da ke hannun Ciyaman. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in na ƙi fa?"

"Kasuwa ba ta rasa mai son sarautarta ba."

Ciyaman da kansa ya ji nauyin abin da ya faɗa, don tsohon nan abokin mahaifinsa ne, amma magana ta riga ta fita, bai janye ba.

Baba Anaruwa ya ce, "To, wayar ga ta, ba za ta gudu ba. Amma abin nan naka ya tuna mini da abin da ya faru tsakanin Ilu mai tukwane da wata mata Gaje. Ka ba ni aron kunnenka kaɗan."

Ɗanliti ya ce, "Yallaɓai, lokaci na tafiya."

Ciyaman ya dubi agogo, sha ɗaya da kwata. Ya ce, "Me ya faru tsakaninsu? Ka gajarta."

Baba Anaruwa ya jingine sandarsa, ya ce:

An yi wani mutum a wata kasuwa, sunansa Ilu. Ya gaji rumfar tukwane daga ubansa, babbar rumfa, randuna da tuluna da kasake har bakin hanya. Shi ba ya gini. Magina mata ne daga ƙauyuka ke kawo masa kaya a kan jakuna, ya saya, ya sayar.

To, ka san yadda ake sayen tukunya. Ba a saye da ido. Sai ka ɗaga ta, ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ka kasa kunne. Mai lafiya amo take yi, ya daɗe yana kaɗawa. Mai tsaga kuwa muryarta a dushe take, ko da an shafe tsagar da yumɓu da toka ta yi kyau kamar amarya.

A cikin masu sayen Ilu akwai wata mata Gaje, mai dafa abincin biki. Kowace ranar kasuwa sai ta zo, kuma ba ta taɓa zuwa da kalma mai daɗi ba. Ta ɗaga wannan ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Wannan gashinta bai yi ba." Ta ɗaga waccan, ta ce, "Ilu, wannan tukunya ce ko kwando?" Ta ware masu tsaga gefe guda, a gaban mutane, ta taya sauran tayin wulaƙanci. Ya ce albarka, ta yi kamar za ta tafi, ta dawo, a yi ta ja har rana ta take. Amma a ƙarshe ita ce mai kwasar kaya fiye da kowa. Uban Ilu, da yana da rai, in ya hango ta tabarma yake shimfiɗa mata. Masu tsagar da ta ware kuwa sai ya mayar wa maginan da suka kawo, ya ce su canza.

Ilu bai ga wannan ba. Abin da ya gani shi ne mace ta tsaya a rumfarsa tana kushe masa kaya, 'yan rumfar kusa suna dariya. Rannan ta ƙwanƙwasa wata randa, ta ce, "Ku zo ku ji, wannan tari take yi!" Kasuwa ta fashe da dariya. Ilu ya kwana bai ci tuwo ba.

Washegari ya samo wasu zauna-gari-banza biyu, ya ajiye su a bakin rumfa, yana saya musu fura. Aikinsu, duk wanda ya zo su ce, "Kai, tukwanen Ilu! Ko a birni babu irinsu!" Ya kuma yi niyyar kafa doka, ba mai ƙara ƙwanƙwasa masa tukunya, Gaje kuwa kada ta ƙara taka rumfar.

Akwai wata tsohuwar maginiya, Atine, wadda tun zamanin ubansa take kawo kaya. Da ta ji abin da yake shiri, ta sauke jakinta, ta ce, "Ɗan nan, kafin ka kori matar nan, bari in ba ka labarin Kututture ɗan kokawa da Bawa Gurgu."

Ilu ya ce, "Iya, wane ne kuma Kututture?"

Atine ta ce:

A ƙauyen Dinya an yi wani ɗan kokawa, ana ce masa Kututture, don ba a taɓa ɗaga shi ba. Tsakanin Dinya da ƙauyen Gawo akwai tsohuwar gasa, kowace kaka sai an kara. Wata shekara damina ta yi gardama, hatsi ya yi wuya, Kututture ya fara ramewa. Dagacin Dinya ya ce sunan gari ba zai faɗi a hannunsa ba. Ya buɗe rumbun tsimi na gari, wanda aka tara don baƙar rana, ya ce a riƙa ciyar da Kututture da makaɗansa. Mutane suka yi gunaguni, aka ce su yi haƙuri, in an kada Gawo kowa zai ji daɗi.

To, akwai wani tsoho, Bawa Gurgu. Shi ma ɗan kokawa ne a da, a fili aka karya masa ƙafa. Kullum da yamma in Kututture na gwaji da samari, sai ya ja jiki ya zauna a bakin fili. Makaɗa na kirari, shi kuwa yana cewa, "Ƙafar hagu a sake take! In ya kai hannu, hagunsa tashi take yi! Hatsinmu kake ci, ka dasa ƙafar nan!"

Samarin Dinya ba wanda ya isa ya ci moriyar wannan, don duk ya fi su ƙarfi. Amma maganar na yi wa Kututture zafi. Ya je ya sami dagaci, ya ce ko a raba shi da gurgun nan, ko ya fasa karawa. Dagaci ya sa aka yi shela, Bawa Gurgu kada ya ƙara zuwa fili.

Bawa ya ji shela. Ya koma ƙofar gidansa yana tufkar igiya. Bai je Gawo ba, bai aika kowa ba, ɗan Dinya ne shi har cikin ƙashinsa. Amma ranar kasuwa mutanen Gawo suka ji an yi shela, suka tambaya, "Me gurgu ya yi aka kore shi?" Mai goro ya gaya musu, mai nama ya gaya musu, har masu tallan ƙosai suka gaya musu, "Ai cewa yake ƙafar hagun Kututture a sake take." Maganar da a da ba ta wuce bakin fili, sai ga ta a bakin kowa.

Ranar karawa, ɗan kokawar Gawo ko rabin Kututture bai kai ba. Bai tsaya neman ƙarfi ba. Ya jira Kututture ya kai hannu, ya sunkuya ya ɗauke ƙafar hagu. Kafin makaɗa su gama kirarin farko, bayan Kututture na ƙasa. Mutanen Dinya suka koma gida, ba kokawa, ba hatsi a rumbu.

Atine ta ce, "Ka ji, Ilu. Muddin gurgun na bakin fili, gyara yake yi musu. Da suka kore shi, su da kansu suka yi shelar inda za a kama su. Matar nan a rumfarka take faɗar aibin kayanka. In ka kore ta, kasuwa duka za ta tambayi dalili."

Ilu ya ce, "Iya, ke gini kika sani, ni na san ciniki." Ya kori Gaje, ya kafa dokarsa.

Gaje ba ta yi rigima ba. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Kuɗina ne dai, ba a rasa mai so ba." Ta wuce rumfar gaba.

Makonnin farko Ilu ya ji daɗi. Ba mai kushe, sai yabo daga safe har yamma. Abin da bai sani ba shi ne labari ya kai ƙauyukan magina. Kowace maginiya in ta gasa tukwane, ba a rasa masu tsaga, a da zubarwa ake yi. Yanzu sai suka ce, "A shafe su, a kai wa Ilu, can ba a ƙwanƙwasawa." Masu lafiya a kai wa wasu, masu tari a kai masa. Shi kansa ya daina ƙwanƙwasawa, don ya ji ana ta cewa ko a birni babu irin nasa, ya yarda. Atine kaɗai ke kawo masa na ƙwarai, ita ma ƙarfinta ya ƙare, ta daina zuwa.

Rannan wani attajiri zai yi walimar saukar karatun 'ya'yansa, ya gayyaci manyan gari. Ya aiko a sayi manyan tukwane shida a rumfar Ilu. Aka ɗora su a murhu, aka zuba nama da miya. Wuta na kamawa, ta farko ta buɗe, ta biyu ta bi ta. Miya ta kwarara har ƙarƙashin tabarmar baƙi, wata mai aiki ta ƙone a ƙafa. Attajirin ya zo kasuwa da mutanensa, ya ce a ƙwanƙwasa duk abin da ke rumfar a gaban jama'a. Aka yi ta ɗagawa ana bugawa, ba a sami goma masu amo ba. Ilu ya waiga neman masu yabonsa, ashe tuni sun koma rumfar mai tabarmi suna cewa ko a birni babu irin tabarminsa.

Baba Anaruwa ya ɗauki sandarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, Ilu ya hana a ji muryar tukwanensa a rumfa, inda canji ke yiwuwa. Sai suka yi magana a kan wuta, a gaban baƙi. Iyakar labarin ke nan. Ga wayar, in har yanzu kana so in fitar da Haladu, nuna mini inda zan danna, idona ba ya gani sosai."

Ciyaman bai karɓi wayar ba. Zuciyarsa na tafasa, ya ce, "Wato ni ne Ilu ke nan, Baba? A ofishina za ka kira ni mai tukwane?"

"Ni ban kira ka komai ba. Tambaya ɗaya gare ni. Rufin nan da aka ce an gyara, wa ya ƙwanƙwasa?"

Ɗanliti ya yi caraf ya ce, "Yallaɓai, tatsuniya ce wannan. Saura minti goma sha biyu direba ya tashi. Ga hotuna nan, me kuma ake nema?"

Ciyaman ya juya ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa. Makarantar nan ba ta fi tafiyar minti biyar a mota daga ofis ba, amma da ya lalubi ransa, rabonsa da shiga cikinta tun ranar zaɓe, da ya je jefa ƙuri'a. Ya ce, "Ɗanliti, yaushe ka taka makarantar nan da ƙafarka?"

"Yallaɓai, ai ɗan kwangilar mutumin kirki ne, kuma injiniya ya..."

"Ba shi na tambaye ka ba. Kai, yaushe?"

Ɗanliti ya duba waya ɗaya, ya duba ta biyu, kamar amsar na ciki. Ya ce, "Yallaɓai, ko ma dai mene ne, mutumin nan ya ci mutuncinka. In ka bar shi, ka nuna tsoro."

Nan ne fa maganar ta soki Ciyaman, don gaskiya ce ta wani gefen. Ya tuna laimar nan, ya tuna kafaɗun matarsa suna rawa. Ya jawo takardar gabansa, ya cire murfin biro. Baba Anaruwa bai motsa ba, bai kuma ƙara kalma ba, ya san mai ciniki in ya gama tayi shiru yake yi. A waje direba ya danna hon sau ɗaya.

Bakin biro na kan takarda Ciyaman ya tsaya. Ya ce a ransa, in takardar nan ta isa babban birni, abin da za su fara tambaya shi ne me hedimasta ya yi. Kuma duk wanda aka tambaya, hoton zai nuna.

Ya ajiye biron, ya ce, "Kira mini Haladu. Kiran da ake ganin fuska."

Ɗanliti ya ce, "Yallaɓai, girmanka..."

"Kira shi!"

Aka kira. Fuskar Malam Haladu ta fito, da furfura da alli a gefen hula, bayansa hayaniyar yara. Da ya ga wanda ke kiransa, sai ya gyara tsayuwa. Labarin takardar ya riga ya kai masa tun safe. Ya ce, "Ranka ya daɗe. In takardar ce, a bar ni in gama darasin nan, saura kaɗan."

Ciyaman ya ce, "Kana wane aji?"

"Aji huɗu."

"Ɗaga wayar sama."

Malam Haladu ya ɗaga. Babu kwano, babu silin. Katako uku ne a gicciye, sun yi baƙi, bayansu sarari fetal, har wata shirwa na shawagi. Ciyaman ya ce ya zaga da shi sauran azuzuwan. Aka zaga. Aji ɗaya tak ke da sabon kwano, na bakin hanya, shi ma gefen da ke kallon titi kawai aka rufa. Daga nan aka ɗauki hotunan da ke kan teburinsa.

Ciyaman ya dubi hotunan. Ya ce, "Malam, me ya sa ba ka zo ka gaya mini ba, sai a Majalisa?"

"Ranka ya daɗe, sau huɗu ina zuwa. Ana ce mini kana taro. Na rubuto takarda biyu, na ba wanda ke tsaye kusa da kai."

Ciyaman bai waiga ba. Ya ji dai ƙofa ta buɗe a hankali ta rufe, da ya duba gefensa babu kowa.

Ya ɗauki takardar korar, ya ninke ta biyu, ya yaga, ya leƙa taga ya ce wa direba ya kashe mota. Sannan ya koma kan waya, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Malam, babu takarda. Daga cikin tallafin nan za a rufa maka aji biyu kafin ruwa ya sauka."

Malam Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, shida ne a buɗe."

"Kai Malam! Yanzu ka tsira da aikinka, har ka fara ja? Uku. 'Yan ƙwallon nan ma 'ya'yan mutane ne."

"Ban ce a hana su mota ba. Inuwar 'yan kallo ce za ta iya jira, su awa biyu suke zama a mako. Shida."

Ciyaman ya dubi Baba Anaruwa, ko zai sa baki. Tsohon ya kau da kai yana kallon fanka, gemunsa na motsi. Ciyaman ya ce, "Huɗu bana, biyu baɗi. Kuma kai za ka tsaya a kan aikin, ba a biyan kowa sai ka hau ka duba da idonka."

"In haka ne, na karɓi huɗu. Amma ran da aka fara ha'inci, a Majalisa za ka ji."

Ciyaman ya haɗiye wani abu mai ɗaci, ya ce, "A can nake so in ji."

Da aka kashe waya, ya zagayo daga bayan tebur, ya rage tsawo a gaban tsohon, abin da rabonsa da yi tun kafin ya hau kujera. Ya ce, "Baba, na ji, na kuma karɓa. Maganar da na yi maka ta sarautar kasuwa, ka yafe mini. Majalisa a bar ta a buɗe, kowa ya faɗi abin da ya gani."

Baba Anaruwa ya ce, "Na yafe. Amma ka sani, ba za su daina yi maka dariya ba. Yau ma sai sun ce tsoro ka ji."

"Za su faɗa?"

"Kafin ka isa gida."

Ciyaman ya yi ajiyar zuciya, ya miƙa wa tsohon hannu ya tashe shi, ya ce, "To, su faɗa. Gara in ji a bakinsu ina da sauran lokacin gyara."

Nan hikayar ta tsaya. Wanda ya sami abin ɗauka a ciki ya ɗauka, ba a rage masa komai ba, ba a kuma yi masa gyara ba.